Canza Bayan Hoto Yadda Ido Zai Yarda: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa na sha su daga bakin yara masu koyon aiki a situdiyo, da masu gyaran hoto a waya, wasu ma daga kwastomomin da suka zo karɓar aikinsu. Na tara su wuri guda ne saboda wanda yake fama shi kaɗai, babu wani babba kusa da zai leƙa allon kwamfutarsa ya nuna masa inda ya kuskure. Inda aiki ya fi lalacewa, na ja amsar da tsawo.

Na yanke mutum tsaf, na ɗora shi a wuri mai kyau, amma duk wanda ya gani sai ya ce haɗi ne. Ina matsalar take?

Da wuya ta zama a yankan take. Masu koyo a nan suke ƙarar da ƙarfinsu, su kwashe awa guda suna bin gefen riga, sannan su ɗora mutumin a kan hoton wani lambu su ce an gama. To, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tun muna rarrafe muke ganin mutane tsaye a ƙasa, rana na dukansu ta gefe guda, inuwarsu na kwance a ɗaya gefen, abin da ke nesa ya fi na kusa dushewa. Ko wanda bai taɓa riƙe kyamara ba ya haddace wannan, illa dai ba zai iya faɗa maka sunan abin da ya dame shi a hoton ba.

Wata Hajiya ta taɓa zuwa karɓar hoton 'yarta na ranar kamu. Na ɗora amaryar a wani falo mai tayil na marmara, na gyara fuska, na fito da ƙyallin leshi. Ta riƙe hoton ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ya yi kyau, amma ai yarinyar nan ba ta taka ƙasa ba." Na duba, gaskiyarta ce. Babu ko ɗigon inuwa a ƙarƙashin zanin, ga shi tayil mai sheƙi irin wannan dole ya nuna siffar wanda ke tsaye a kansa, ni kuwa ban sa ba. Na roƙe ta ta ba ni zuwa gobe. Tun daga ranar, kafin in taɓa fuska, ƙafa nake fara dubawa.

Ta yaya zan gane daga ina haske ya fito?

Dubi hanci. Gefen da inuwar hanci ta faɗa, hasken yana ɗaya gefen. Sannan ka ƙara girman ido, za ka ga ɗan farin ɗigo a ƙwayar. Hoton fitilar ko tagar da ta haska mutumin ne. Idan yana sama ta hagu, can hasken yake. A bayan da kake son sawa kuma, nemi inuwar bishiya, ko ginshiƙi, ko kujera, ka ga ina ta nufa.

Idan suka saɓa, mafi sauƙi ka juya bayan, hagu ta koma dama. Ka dai kula da rubutun allon shago, da lambar mota, da agogon bango, su ne masu tona asiri. Mutumin kuwa kada ka juya shi. Ɗaurin ɗankwali, da karin hula, da aljihun riga, duk suna da gefensu, kuma mai hoto ya san kansa.

Sai batun taushin haske, wanda ya fi wancan wuyar magani. Fitilar situdiyo da aka sa wa laima haskenta laushi gare shi, inuwarta ba ta da kaifin baki. Tsakar rana kuwa, musamman a ƙasashenmu, inda Kano take wajen digiri 12 kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana kusan a tsakar ka take. Inuwa gajera ce mai kaifi, kwarmin ido ya yi duhu, ƙasan haɓa ya yi duhu. Wanda aka ɗauka da laima a ɗaki ba zai zauna daidai a filin da rana ta take ba, kome gwanintarka. Nemo masa cikin ɗaki, ko gindin inuwa, ko hoton ranar da hadari ya rufe sama. Mutum shi ne mai gida a hoto, bayan ake zaɓowa ya bi shi.

Yaya ake yin inuwar da ba za ta zama kamar an zubar da tawada ba?

Inuwa iri biyu ce. Ta farko ita ce ɗan siririn duhun da ke daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa, ko inda bakin zani ya kwanta, ko inda mutum ya danne kujera da zama. Ita ta fi duhu, ita ta fi ƙanƙanta, kuma ita kaɗai tana iya sauko da mutum ƙasa. Ta biyu ita ce doguwar da jiki ke jefawa gefe.

Ga yadda nake yi. A manhajar gyaran hoto ta Photoshop, ina buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗar da ake ɗora kowane ɓangare na hoto a kanta daban, a ƙarƙashin ta mutumin, in mayar da ita kan tsarin da aka rubuta wa suna Multiply, wanda ke duhunta abin da ke ƙasa ba tare da ya shafe zanen tayil ko tsakuwar ƙasa ba. Ba na amfani da baƙi wuluk. Ina ɗebo launi daga wata inuwa da take cikin bayan tun asali. A jar ƙasa inuwa ja ce mai duhu. A fili, ƙarƙashin sama garau, takan ɗan ja zuwa shuɗi, domin sama ce ke haska ta. Sai in ɗauki buroshi mai laushi, in rage ƙarfinsa zuwa kashi 10 ko 20 cikin ɗari, in yi ta shafawa kaɗan-kaɗan har ta taru.

Doguwar inuwa kusa da ƙafa tana da duhu da kaifi, tana nisa tana dushewa tana baje baki. Tsawonta ya danganta da tsayin rana. Idan rana tana digiri 45 sama, inuwa daidai take da tsawon mai ita, wato kusan abin da muka sani a shigar la'asar. Da sassafe ko dab da magariba ta ninka shi. Don haka ka auna da abin da ke cikin bayan: idan inuwar bishiya rabin tsawon bishiyar ce, ta mutuminka ma rabin tsawonsa za ta zama, kuma su nufi gefe ɗaya.

Idan ƙasan mai sheƙi ne, kwafi mutumin, ka kife shi kai ƙasa, ka haɗa ƙafa da ƙafa, ka rage ƙarfin leyar sosai, tana sauka tana ɓacewa. Mafi alheri duka, idan kai ka ɗauki hoton a kan farar shimfiɗa, kada ka zubar da inuwarsa ta gaskiya. Kwafi hoton asali, sa shi Multiply a ƙarƙashi, ka goge duk abin da ba inuwa ba. Babu buroshin da ya kai ta.

Haske ya dace, inuwa ta dace, amma mutumin kamar zai zame ya faɗo. Me ya jawo?

Tsayin kyamara ne. Layin da sama ta haɗu da ƙasa a hoto kullum daidai yake da tsayin da aka riƙe kyamarar. Idan ka ɗauki mutum kyamara na saitin ƙirjinsa, a fili shimfiɗaɗɗe dole layin nan ya ratsa ta ƙirjinsa. Ka ɗora shi a bayan da aka ɗauka daga saman bene, layin ya haye kansa da nisa, sai ka ga ƙasa tana kallonka alhali shi mutumin ta gefe kake ganinsa. A cikin ɗaki, inda babu sama, bi layukan tayil ko gefen bango da ido, inda za su haɗu can ciki nan ne layin yake.

Takalmi ma yana faɗa maka. Idan kana ganin samansa sosai, daga sama aka ɗauka. Idan gefensa kawai kake gani, mai ɗaukar ya durƙusa ne. Da zarar layin ya zauna, girman mutumin ma ya zauna. Ka gwada shi da ƙofa ko kujerar da ke kusa da shi.

Ina son bayan ya yi dishi-dishi kamar na babbar kyamara. Me ya sa nawa yake fita kamar an shafa man kaɗanya a gilashi?

Saboda ka dushe komai da mudu ɗaya. A kyamara ta gaske, idan aka buɗe ƙofar haske sosai, kamar f/1.8 ko f/2.8, wani yanki siriri ne kaɗai ke fita tar. A f/8 ko f/11 kuwa kusan komai ya fito. A babban buɗin nan na f/1.8 ko f/2.8, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mutum tar take kamar shi, domin nisansu ɗaya da kyamara. Daga nan take dushewa a hankali, taku biyu baya kaɗan, bangon can ƙarshe sosai. Abin da ke gabansa, kusa da kyamara, shi ma yana dushewa. Kai kuma ka tsayar da mutum tar a kan ƙasa mai dishi-dishi, shi ya sa yake shawagi. Maganin shi ne ka sa wa dishin marufi, wato abin da baƙinsa ke ɓoye gyara farinsa ke bayyana shi, mai tafiya daga baƙi zuwa fari, ya fara daga sifili a ƙafa, ya ƙaru yana shiga ciki.

Kuskure na biyu shi ne dushe hoton alhali mutumin yana cikinsa. Launin rigarsa sai ya malalo waje, ya yi masa kewaye kamar hayaƙi. Ka fara cire shi zuwa leyarsa, ka cike gurbinsa a baya, sannan ka dushe. Abin cike gurbi da kansa ya shigo Photoshop tun 2010, kuma ba sai cikon ya yi kyau ba tunda mutumin zai rufe shi.

Wajen zaɓen kayan aiki, Gaussian Blur yana narkar da komai ne kawai. Lens Blur shi ne ke kwaikwayon gilashin kyamara, ya mayar da fitilun nesa ƙwallaye masu haske, abin da masu hoto ke kira boke, kalmar da aka aro daga Japananci. Wayoyi ma suna wannan kwaikwayo, musamman tun da iPhone 7 Plus ta yaɗa shi a 2016, kuma har yanzu a gashi da tabarau da bakin mayafi suke yin tuntuɓe.

Ni dai ina ganin ana wuce gona da iri a wannan. Hoton dangi na ranar Sallah, mutum goma a tsaye, babu mai ɗaukarsa a f/1.8, domin na baya ba za su fito ba. Ɗan dishi kaɗan ya wadatar.

Akwai hanyar nuna nisa ba tare da dishi-dishi ba?

Akwai, kuma mu ya kamata mu fi kowa saninta. Ka tsaya saman Dutsen Dala ranar hazo ka kalli gari. Gidajen gindin dutse launinsu cikakke ne, inuwarsu baƙa. Na gaba sun ɗan kwanta. Can nesa komai ya koma fari-fari launin ƙura, ba ka bambance bango da bishiya. Iska ce ke tsakaninka da su, kuma iska ba fanko ba ce. Da damina, bayan ruwa ya wanke sama, nesan yakan ja zuwa shuɗi maimakon launin ƙura. Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kan wannan shekaru fiye da 500 da suka wuce, masu zane suna aiki da shi tun kafin a ƙera kyamara.

A aikace, baƙin da ya fi duhu a hotonka ya kasance a jikin mutumin ko abin da ke kusa da shi. Yadda abu ke nisa, haka za ka rage duhunsa, ka rage ƙarfin launinsa. Sannan ka sa wani abu a gabansa: reshen bishiya a kusurwa, gefen labule, 'yan ciyayi da suka rufe bakin takalmi. Da mutum ya shiga tsakanin abu biyu, ido ya daina ganinsa a matsayin sitika.

Mayafi shara-shara da leshi mai huji suna ba ni wahala. Yaya zan yi?

Wannan aikin namu ne na kullum, kuma darussan da ake samu a intanet gashi suka fi koyarwa. Doka ta farko, kada ka yi amfani da magogi. Yi amfani da marufin leya, inda baƙi ke ɓoyewa, fari ke bayyanawa, toka-toka kuma ke bayyana rabi. Mayafi a toka-toka yake zaune. Inda ya faɗa a kan kafaɗa ko riga, bar shi cikakke. Inda ya fita daga jiki iska na bayansa, shafa toka-toka har sabon bayan ya leƙo ta cikinsa, ka bar naɗe-naɗensa da aikin bakinsa da ƙarfinsu, domin nan yadin ya ninku.

Sai dai tsohon bango yakan bar launinsa a cikin yadin. Idan a gaban koren labule aka ɗauka, mayafin da gefen fuska za su ɗauki kore. Buɗe leya a kan mutumin, ka ɗaure ta da shi, ka sa ta kan tsarin launi kaɗai, ka ɗebo launin mayafin na gaskiya ka shafe wurin. Hujin leshi kuwa babu gajeriyar hanya. Ƙara girma ka bi su, aƙalla manyan da ke gefen hannu.

Tun ran gini tun ran zane. Idan ka san za ka canza baya, ɗauki hoton a gaban bango mai launin toka, ka matso da mutumin taku uku ko huɗu daga bangon. Ka rage wa kanka rabin aiki.

Launin mutum da na baya ba sa shan inuwa ɗaya.

Kowane haske da launinsa, ana auna shi da ma'aunin Kelvin. Tsohon ƙwan lantarki mai ja yana wajen 2700 zuwa 3200, hasken rana tsaka wajen 5500, gindin inuwa 7000 ko fiye, yana ja zuwa shuɗi. Nemi abu fari a jikin mutumin, kamar farar shadda, ka gwada da abu fari a baya, ka ja su har su yi kama. Daga ƙarshe ka ɗora gyaran launi guda ɗaya mai sauƙi a saman duka leyoyin, ya game su.

A nan ina da roƙo. Kada daidaita launi ya zama dalilin wanke fatar mutum. Baƙar fata tana ɗaukar haske da kyau, tana da sheƙi a goshi da kumatu wanda ke fito da siffar fuska. Ka haskaka ta har ta koma toka, ka shafe sheƙin, fuska ta zama faifai, garin neman gira an rasa ido. Ga shi wuya da hannu mai lalle za su ƙaryata ka.

Me ya sa hoton ke kyau a waya amma ya tonu idan an wanke?

Hoton waya, musamman na dare, yana da 'yan tsaki-tsaki a jikinsa, bayan da ka sauke kuwa sumul yake. A ƙaramin allo ba a gani, a firem sai ya fito. Ƙara wa bayan tsakin har su yi daidai, musamman bayan ka dushe shi, domin dishi yana share tsaki gaba ɗaya.

Girma ma haka. Hoton inci 8 da 10, a ɗigo 300 kowane inci, yana buƙatar fiksel 2400 da 3000. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi kai tsaye, don haka ka ce kwastoma ya turo a matsayin dokumen. Mutumin da ka yanke ka adana shi a nau'in fayil na PNG, domin JPEG ba ya riƙe wurin da babu komai, fari zai cika masa.

Dole sai da Photoshop?

A'a. GIMP kyauta ne, Photopea a burauza yake aiki kuma yana buɗe fayil ɗin Photoshop. A waya akwai PicsArt da Snapseed, sun isa hoton da za a sa a Facebook. Abin da ba za ka iya rasawa ba shi ne leya da marufi. Photoshop kansa ya fito a 1990, bai samu leya ba sai 1994.

Yanzu da manhaja ke ƙirƙiro baya da kanta, akwai amfanin koyon duk wannan?

Tun 2023 Photoshop yana karɓar umarni a rubuce ya zana baya, har da inuwa, kuma sau da yawa yana yin daidai. Ina amfani da shi wajen ƙara faɗin hoto. Amma yakan ba ka inuwa biyu masu saɓani, ko tayil da ya karkace, ko ya taɓa aikin babbar riga ya mayar da aska takwas wani zane da babu maɗinkin da ya san shi. Wanda bai san ƙa'idar haske ba, sai ya miƙa wa kwastoma a haka. Ka rufe mutumin kada manhajar ta taɓa shi, sannan ka binciki abin da ta ba ka kamar aikin yaron shago.

A ina zan samu hotunan baya?

Shafukan intanet na Unsplash da Pexels da Pixabay suna bayarwa kyauta. Hoton da ka tsinta a shafin wani kuwa yana da mai shi. Shawarata ka ɗauki naka: soron gidan gargajiya mai zanko da zane, ganuwa da yamma, gona da damina, falo mai kyau idan an ba ka izini. Ka ɗauka a tsayin ƙirji, safe da yamma, ka tara. Haskensu irin wanda ke dukan mutanenka ne, shi ya sa suke karɓarsu da sauƙi fiye da titin Dubai.

Sana'ar nan tana da kakanni a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yana rataya yadi mai zane a bayan mutane, yawanci da hasken rana yake aiki. Philip Kwame Apagya na Ghana ya shahara da labulen da aka zana wa filin jirgi ko falo mai talabijin da firji. Mutum da bayan suna wuri ɗaya, haske ɗaya ke dukansu. Abin da muke wahalar haɗawa a kwamfuta ke nan.

Akwai hoton da bai kamata a canza wa baya ba?

Hoton fasfo da biza. Ofishin jakadancin Amurka, misali, yana son inci 2 da 2 a farin bango, kuma ya hana gyara shi da manhaja. Ka tsayar da mutum a farin bango na gaske, kada ka jawo masa asarar kuɗi da lokaci. Sai hoton labarai da na shaida. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dala biyu na Giza, a Masar, kusa da juna don su shiga bangon mujallar, har yau ana kafa misali da wannan kuskure.

Wanda ya ce a ɗora shi gaban Ka'aba don shauƙi, ya rataya a ɗakinsa, ina yi masa. Wanda na fahimci so yake ya nuna wa mutane ya je inda bai je ba, ko ya tsaya da wani babban mutum da bai taɓa gani ba, ina ba shi haƙuri. Haka hoton 'yar mutane da aka kawo ba da saninta ba.

Wane gwaji zan yi kafin in miƙa aiki?

Mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. Launi yana ruɗin ido, da ya kau za ka ga ko mutumin ya fi wurin haske ko duhu. Juya hoton duka hagu zuwa dama, idonka da ya saba zai gan shi sabo. Ƙanƙanta shi ya koma kamar kan sarki, ka ga ko mutumin ya yi tsalle ya fito. Sannan ka tashi ka yi alwala ko ka sha ruwa, ka dawo bayan minti goma, ka fara duba ƙafa. Idan babban firem za a yi, wanke ƙarami na inci 5 da 7 tukuna, ka fita da shi ƙofar shago ka duba a hasken rana.